Goran da Na Ɓoye a Cikin Kacalla

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata kaina a bakin kogi ba, kuma ba wanda ya jawo mini sai bakina. Da furfurata ta shekara sittin da wani abu na zauna na shirya ƙarya, na yi wata uku ina yi mata hidima.

Ni ne ciyaman na manoman rani a yankinmu, nan gefen Haɗeja. Boko dai aji uku na yi na gudu, amma rabon ruwan gonakin mutum sama da ɗari yana cikin kan nan nawa: wa zai sha yau, wa zai jira, wa ya fasa kwalbati ya sace na maƙwabcinsa. Waya ba ta barina in gama tuwo. Da kai ya fara sara mini, na je asibiti, likita ta ɗaura mini abin awo, ta duba ta ce:

"Baba, jininka ya hau sosai. In ba ka motsa jiki, ɓarin jiki zai iya shanyewa."

Haka ya faru da yayana, shekara biyar yana kwance. Tsoro ya kama ni. Ta ce me nake sha'awa? Na ce da ƙuruciya ni ɗan su ne, mai kamun kifi, in na kife a kan goran iyo sai in wuni a ruwa. Ta ce to in koma.

Na sayi gora sabo fil. Na sanar a masallaci, na sanar a teburin mai shayi (ba wanda ya tambaye ni fa). Kwana huɗu na yi ina shiga ruwa bayan sallar asuba. Rana ta biyar, ina tuɓe riga, waya ta yi ƙara: wasu biyu sun zare adda kan ruwa. Na tura goran cikin kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana kogi, na ce gobe. Goben nan ita ce ba ta zo ba.

Amma fita ban fasa ba. Kullum in zauna gindin giginya ina sulhu ta waya, in na gama in tsiyaya ruwan buta a kai da wando, in shiga gida ina haki. Maiɗakina Falmata ta ce, "Sannu Malam," ta miƙo koko.

Ran nan aka yi gayyar yankan kacalla. Ƙofar ruwa ta toshe can tsakiya, sai an je da gora. Malam Bukar, maƙwabcina a gona, ya ɗaga murya: "Ina Ciyaman? Ai ga kifinmu, mai wankan asuba!"

Na so in ce ciwon baya. Bakina ya ce, "A ba ni hanya."

Na jawo goran, na yi bisimilla, na ɗora tumbi. Ɓera ya yi tsalle daga ciki ya bi ta wuyana. Ashe ɓeraye sun huda gindin sun yi gida. Kafin in ce wayyo, gora ya sha ruwa ya yi ƙasa, ni ma na bi shi, ƙafafu a sama, ina kiran sunan mahaifiyata. Wanda ya tsamo ni surukina ne, mijin 'yata, wanda ko ido ba ma haɗawa. Ya rungumo ni ta ƙugu ya tsayar, yana kallon gefe. Ruwan iya cibiya ne.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Bukar ya juya goran, ya leƙa ramin, ya ce a hankali, "Ɓera ba ya gida a goran da ke aiki."

Da na koma asibiti jinin ya ƙara hawa. Ciyaman ɗin ina nan a kai, wayar ma tana nan, goran ne kawai babu. Duk safiya sai na matsa hannun hagu in ji ko yana nan. Na dai gane wahalar da na sha wajen jiƙa wando, da a ruwa na sha ta, da yanzu na warke.

A ranar gayyar kuwa, da na shiga gida ina ɗiga, Falmata ta karɓi wandon ta sansana.

"Malam, wata uku ina wanke wandon nan. Yau ne kaɗai na ji ƙarnin kogi."