Yaron da Ya Ci Ɗari da Sha Biyu Cikin Ɗari

"Ni ba sai na leƙa aji ba. A ba ni takardun sakamako da kwamfutata, daga kan kujerar nan zan gaya muku malamin da ke koyarwa da wanda ke gyangyaɗi."

Da wannan maganar sabon jami'in ƙididdiga na ofishin ilimin gunduma ya tari hedimastoci ranar da ya kama aiki. Kafin a tashi taron sun laƙaba masa suna Kashi-cikin-ɗari, domin ko lafiyar iyali ka tambaye shi, sai ya ce kashi tamanin cikin ɗari suna nan ƙalau. Gajere ne mai tumbi, biro huɗu a aljihu, babu mai rubutu ko ɗaya.

Aikin da aka ba shi mai kyau ne, kada mu yi masa ƙarya. Cewa aka yi ya tattara sakamakon jarrabawar yara, ya gano inda suke da rauni, a taimaka musu. Gogan naka ya kwashi takardun makarantu sha tara, ya kulle kansa a ofis mako biyu, ya fito da jadawali mai launi ya manna a allon sanarwa: kore gwanaye, ja abin kunya. Da aka ce ya nuna yadda ya yi lissafin, sai ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar masu alli.

Abu na farko da ya gano, wai duk ajin da ya fi cunkoso ya fi cin maki. Nan take ya sa aka haɗe aji biyu-biyu. Yara suka koma zama har kan taga, benci bakwai suka karye a mako guda, malami in zai je allo sai ya tsallake kawuna. Ƙarshen zango maki ya tashi kamar yadda ya faɗa, tumbi ya ƙara fitowa. Sai ya ware yaran da ya ce su ne kurar baya, masu cin ɗaya, biyu, uku, aka tsare su bayan an tashi ana koya musu baƙaƙe. Cikin minti biyar suka gama littafin, suka shiga gyara wa mai koyarwar kuskurensa. Ya rubuta a rahoto cewa shirinsa ya yi aikin shekara a minti biyar.

Daga nan ya juyo kan malamai. A ƙasan jadawali, cikin ja mai kauri, akwai malamar lissafi ta aji shida a wata ƙaramar makaranta da ba a samu ajin da za a haɗe da nata ba. Wasiƙa ta iske ta: ajinta ya ci sha shida cikin ɗari, don haka ƙarshen wata ta miƙa alli, ta koma gadin ɗakin da ake jibge karyayyun benci. Shekara sha huɗu tana koyarwa.

Malamar nan 'yar Baba Jan Biro ce, tsohon malamin da ya yi shekara talatin da biyar a aji kafin ya yi ritaya, wanda ko takardar asibiti aka ba shi sai ya duba lissafin ƙwayoyin. Ta zo gidansa ido ya kumbura. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, ya ce ta ɗauko takardar sakamakon. Ya gyara tabarau, ya tara makin yara talatin da ɗaya, ya raba: saba'in da huɗu. Ya sake, saba'in da huɗu. To, ina sha shida ya fito? Idonsa ya sauka kan layin ƙarshe na takardar, inda kowane malami a gundumar yake rubuta matsayin yaro a aji, wane na ɗaya, wane na biyu. Ya tara ɗaya zuwa talatin da ɗaya, ya raba. Sha shida cif.

"'Yar nan, wanke fuskarki," in ji shi. "Wannan bawan Allah matsayi yake tarawa, ba maki ba."

Sau uku tsohon yana zuwa ofishin Kashi-cikin-ɗari da takardar a hammata. Na farko aka ce Yallaɓai yana nazari. Na biyu aka ce yana nazarin nazarin. Na uku suka yi kiciɓis a ƙofa, Kashi-cikin-ɗari ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dattijo, zamaninku ya wuce. Je ka huta, ka bar lissafi ga na'ura."

Baba Jan Biro bai huta ba. Saura kwana biyu wata ya ƙare aka shirya taron karrama gwarzon ɗalibin gunduma, ya je ya zauna a layin gaba. Babban Daraktan ilimi na kan kujera, iyaye sun cika zaure. Kashi-cikin-ɗari ya kunna majigi, ya sanar cewa gwarzon bana ya ci ɗari da sha biyu. Daraktan ya tambaya, cikin nawa? Ya ce cikin ɗari, ranka ya daɗe, ƙwazon yaron ne ya fi ƙarfin ma'auni.

Aka kira yaro, sai ga wani bakanike ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi ne uban, yaron yana gareji, kuma shi dai a saninsa kwana tara ya je makaranta a zangon nan, tun da ya rasa wurin zama ya daina. Amma in kyauta ce, zai kai masa.

Baba Jan Biro ya miƙe, ya nemi izini, ya tambayi hedimastan yaron su nawa ne a ajin. Hedimasta ya ce ɗari da sha biyu, tun da aka haɗe su. Tsohon ya shimfiɗa takardarsa gaban Darakta, ya ɗora yatsa kan layin maki, ya ɗora wani kan layin matsayi, ya yi bayani a hankali kamar yana gaban 'yan aji uku. Sannan ya karanto buƙatunsa: a janye wasiƙar malamar yau, ba gobe ba, a raba azuzuwa, a saki yaran da aka tsare, a manna takardar ban haƙuri a allon da aka manna jan nan, girmanta ɗaya da jadawalin, don ya riga ya auna shi.

Darakta ya karɓi biron tsohon, da yake na jami'insa ba sa rubutu, ya soke wasiƙar a gaban kowa. Ya juya ga jami'in ya ce, "Kai kuma, me za ka ce?"

Kashi-cikin-ɗari ya share gumi, ya buga ƙirji. "Ranka ya daɗe, makirci ne. Ni za a koya wa wannan layin? Tun ina firamare shi nake dubawa a takardata, kuma ban taɓa samun ƙasa da saba'in a cikinsa ba."

"Ku nawa ne a ajin, ɗana?" in ji Baba Jan Biro.

"Saba'in da ɗaya."

Wani hedimasta a baya ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe, ajinmu ɗaya da shi. Sai dai na saba'in da ɗayan tun makon farko iyayensa suka yi ƙaura, mantawa aka yi ba a cire sunansa ba."