Rasuwar Kabad Mai Ƙofa Biyu, Wanda Aka Cire wa Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yau ya ƙi sauka, mai ɗinkin labule ta gidan hayar ƙarshen layi tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kabad ɗinta mai ƙofa biyu. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a lungun falo, bayan jinyar da masu ilimi suka ɗora masa.

Marigayin ya girmi 'yarta Auta. Da guminta mai ɗinki ta saye shi, ya bi ta ƙaura bayan ƙaura, ana ɗaure shi a bayan mota kamar ɓarawo, bai taɓa zubar mata da ko cokali ba. Farantai da kofunan gilas suna cikinsa, kwandon zare yana kansa. Ba shi da surutu. Maganarsa ɗaya ce, "ƙiiii", in an buɗe ƙofar hagu, kuma da ita yake tona asirin duk yaron da ya je satar sukari. A gidan nan kaf, shi kaɗai ne namijin da aka ɗora wa kaya bai yi ƙorafi ba.

Asalin ciwon daga lissafi ne. Auta tana son shiga makarantar koyon jinya, lissafi ya tare mata hanya, ta zauna jarrabawa ta faɗi, ta sake ta faɗi. Baban yara ya ce wannan karon shi ne na ƙarshe, in ta kuma faɗi ta ja kujera ta zauna gaban keken uwarta. Mai ɗinki ba ta raina kekenta, amma ta san abin da ya yi wa bayanta. Sai aka ɗauko malamin lesin, wani siririn mutum mai jakar da ta fi shi ƙiba, wanda yaran layi suka raɗa wa Malam Saboda-Me.

Abin da ke kayar da Auta shi ne siffofi masu gefe huɗu. A zana mata abu kamar ƙofa, a ce ta kawo hujjar cewa wannan gefen daidai yake da wancan. Ita kuwa sai ta rubuta gaskiyarta: ai ga shi nan ana gani. Malam ya ja dogon tsaki ya ce ido ba shaida ba ne, kowace magana a rubuta ta a hagu, dalilinta a dama. Mai ɗinki tana jin su daga ɗaki tana mamakin mutumin da zai ga ƙofa da idonsa ya ce sai an kawo masa shaida. Amma shayin da ake zuba masa a kofin marigayin, bai taɓa tambayar dalilinsa ba.

Wata rana ya ce takarda ta yi wa iliminsa kaɗan, sai da allo. Baban yara, wanda famfon banɗaki ke ɗiga a kan idonsa tun bara, ranar nan ƙarfi ya zo masa. Ya ja kabad, ya ɓamɓare siririn katakon bayansa, ya shafa masa baƙin fenti, ya jingina a bango. Da ta yi magana ya ce haba Maman Auta, bayan kabad wa yake gani?

Daga nan marigayin bai ƙara lafiya ba. Ya fara karkata hagu kamar mai ciwon ƙugu. Ƙofa ta daina rufuwa, muryarsa ta koma "ƙurrr". Mai ɗinki ta nuna wa baban yara, ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kabad a miƙe yake.

Auta ce ta ɗauki zare a kwando. Ta ja daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ta sake ja ta ɗaya ɓangaren, zare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta je gaban allo ta rubuta, layi bayan layi: gefe da gefen da ke kallonsa daidai suke, domin katako ba ya miƙewa. Da kusurwoyin a tsaye suke, da zaren biyu sun zo ɗaya. Ba su zo ɗaya ba, don haka kusurwoyin sun kauce. Kowace magana da dalilinta a dama. Malam ya karanta har ƙasa, ya buɗe baki zai ce saboda me, ya rasa inda zai sa ta.

Mai hankali da ya ga haka cewa zai yi a kwashe kwanuka. Malam murna ta kama shi. Ya ce bai taɓa samun kayan koyarwa irin wannan ba, Auta ta matso ta ga yadda kusurwa ke canzawa gefe yana nan yadda yake. Ya sa yatsa ya tura majinyacin.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙaƙaƙas", sai "rim". Farantai suka amsa masa gaba ɗaya.

Ya bar filas marar murfi, da tukunyar da ta lotsa, da kofi guda mai tsaga, da farin tabo a bango daidai tsayinsa. Ya kuma bar malami da ƙurar alli a gira yana cewa a ilmance abin da ya faru daidai ne.

Don kada a ji a bakin 'yan gulma: an so a tashe shi. Kafinta ya duba ya ce in aka mayar masa da baya aka ɗaure da ƙusa zai tsaya. Sabon katako kuwa, wanda bai sayi allo ba shi ne zai saya? Baban yara ya ɗauko guduma, ya nufi allon riƙe da tsumma, zai goge shi ya mayar wa kabad bayansa. Auta tana tsaye da alli a hannu, ta kai rabin wata sabuwar hujja, jarrabawa saura ƙiris. Mai ɗinki ta dubi gawar, ta dubi 'yarta, ta karɓe gudumar ta jefa ƙarƙashin keke. Ta ce kabad ya mutu, a bar mamaci ya huta.

Za a fitar da shi ranar Asabar da safe zuwa shagon kafinta. Baban yara ne zai ɗauke shi a ka, shi kaɗai, ta tsakiyar layi, ba ta bayan gida ba. Malam zai ci gaba da zuwa har a gama jarrabawa, da sharaɗin hannunsa ɗaya na kan alli, ɗayan na cikin aljihu. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin ɗinki. Mai son shayi ya zo da kofinsa, kuma a rage murya, Auta tana karatu.