Rasuwar Rumbun Bayanan Makaranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu take tafasa, sakatariyar makaranta tana sanar da rasuwar rumbun bayananta, wanda ta rena shekara tara a kwamfutar ofis. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana cikin ƙoshin lafiya.

Marigayin mai tsari ne. Kowace ɗaliba da layinta, kowane layi da gurbin suna, aji da ranar haihuwa, ga lambar da ba ta taɓa hawa kan mutum biyu ba. Da lambar nan yake ɗaure jadawalin sunaye da na sakamako, shi ya sa 'yan mata uku masu suna ɗaya a aji huɗu ba a taɓa ba wata makin wata ba. Kafin sakatariya ta kurɓi shayi ya zaro mata wadda ta gama karatu shekara bakwai da suka wuce. Bai taɓa cewa a dawo gobe ba.

Jinyarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Sakatariya ta fita ɗauko takarda, sai Mataimakin Shugaba, wanda kwas na kwana uku ya sa yake jin ya ƙure ilimi, ya haye kujerarta zai goge ɗaliba ɗaya da ta sauya makaranta. Ya rubuta umarnin gogewa, bai sa lambarta ba, sai umarnin ya hau kan kowa. Marigayin ya yi 'yar ƙararsa, "ƙit," ya tambaya, "Ka tabbata?" Gogan naku ya tabbata. Layi dubu huɗu da ɗari biyu suka tafi.

Marigayin ya bar filas na kwamfuta guda, wanda kwafinsa yake ciki kafin Mataimaki ya ara, ya shafe, ya zuba hotunan sabuwar motarsa. Ya kuma bar ɗalibai tamanin da za a rufe musu neman gurbin jami'a ranar Litinin, ba sakamako a hannunsu.

Sakatariya ta san mutuwa rigar kowa ce. Amma ba ta yafe ba, kuma kada kowa ya zo ba ta haƙuri.

Za a yi jana'iza a ɗakin ajiyar fayil, wanda ba shi da taga balle fanka. Da umarnin Shugaba, Mataimaki zai sake shigar da kowane layi daga takarda da yatsunsa biyu, na 'yan tamanin ɗin nan tukuna. Sakatariya za ta zauna gefensa tana karɓar gaisuwa. Duk layin da ya gama, za ta tambaye shi ko ya tabbata.