Ranar da Na Zama Ambaliya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da famfo ya raba ni da aikina, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin Turawa ne, ina kuku a gidan Baturen gona a barikin Haɗeja, saura mako guda in cika wata ukun gwaji. Farar rigar aikin kuku ta shiga kaina ƙwarai. Ko Baba Audu, dattijon da ke kawo ruwa daga kogi a kan jakuna yana cika tankin gidan, da ƙyar nake amsa gaisuwarsa.

Famfon kicin ya daɗe yana ɗiga. Bature ya samo sabo ya ajiye, ya ce a jira mai gyara daga Kano, ya tafi rangadi Auyo duba shinkafa. Sai zuciyata ta ce mini in ya dawo ya tarar na gyara, ai aiki ya tabbata.

(A nan sai a yi mini uzuri. A bakin kogi na tashi, kuma ruwan da na sani sai ka durƙusa ka ɗebo shi. Ban taɓa jin ruwan da ke bin mutum da kansa ba.)

Na ɗauko sifana na kama tsohon famfon na murɗa. Yana fita ruwa ya daki fuskata, sai da na zauna daɓas. Na tashi na cusa tsumma a bakin bututun kamar yadda muke toshe kwalekwale, ya tofo shi. Na cusa hulata, ita ma ta tafi. Na kawo sabon famfon, ya ƙi zama. Buhun fulawa ya jiƙe, murhu ya mutu, ni kuma na danne bututu da tafin hannu ina salati.

A haka Baba Audu ya leƙo. Kwana biyu ya yi yana cika tankin nan da ciwon bayansa. Ya dubi ruwansa yana malala tsakar gida, ya zagaya bayan bango ya murɗa wani ɗan ƙarfe. Shiru. Amma tanki ya riga ya kusa ƙarewa.

"Ɗana," ya ce, "kullum ta gabanka nake wucewa. Da ka tambaye ni."

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar Bature ya dawo, taɓo har gwiwa, yana neman ruwan wanka. Bai yi faɗa ba. Ya dubi kicin, ya dube ni, ya ce in ajiye farar rigar a kan kujera. Ina fita na wuce Baba Audu yana kora jakunansa zuwa kogi, zai sake aikin da na zubar. Ban iya ɗaga kai ba.

Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa, aka sa mini suna Ambaliya. Yau jikokina ma da shi suke kirana, suna tsammanin don wata bajinta na same shi.

Tun daga ranar ba na taɓa ƙarfen da ban san inda ake kashe shi ba. Kuma ko da wace riga nake sanye, in na haɗu da mai jaki ni nake fara gaishe shi.