Yadda Na Mayar da Fansho Ragon Layya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ana saura 'yan kwanaki a buɗe wasannin Olamfik. Lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Tianhe, can ƙasar Sin, kuma a cikinmu Hausawa biyar ni ne ake wa kallon mai jin Sinanci. (Gaskiyar magana, wata shida na yi a aji. Sauran duk a kasuwar Canaan na tsinta, wajen cinikin wanduna.)

Ranar, shugabarmu Madam Lin ta tara mu. Tafintan kamfani ya tafi hutu, sai ta ce in fassara. Na gyara wuyan riga.

Kalma ɗaya take ta maimaitawa: "yanglao jin". Na san "jin" kuɗi ne, "lao" tsoho, "yang" kuwa kullum ina jin ta a bakin mahauci, wato rago. Na haɗa: kuɗin ƙosasshen rago. Ga Babbar Sallah saura wata huɗu.

Na ce, "Jama'a, albishirinku! Kamfani zai buɗe mana asusun ragon layya, kuma tsari biyu ne. Na farko, ana cire kaɗan daga albashinka, kamfani ya ƙara nasa, duk ranar da ka bar aiki ka tafi da ragonka. Na biyu, kamfani ne zai biya duka, amma sai ka shekara goma a nan."

Malam Isuhu, dattijo ɗan Maraɗi mai kula da sito, ya dube ni. "Ɗana, wane irin rago ne sai ya shekara goma? Ai haƙori ba zai tauna shi ba."

Na ce, "Baba, ragon nan ƙasar daban yake." (Allah Ya yafe mini.)

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na miƙe in yi godiya a madadin Musulmi. Na ce "xiexie", wato "na gode", ya fi sau biyar. Don in nuna na fahimta, na ɗora yatsu a ka kamar ƙaho, na ce, "Meee!"

Madam Lin ta ja kujerarta baya.

Wata akanta da ke jin Turanci ce ta gano bakin zaren. Ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, ta ce wannan "yang" ɗin ba na dabba ba ne, muryarsa daban, ma'anarsa kulawa. Kuɗin kula da tsoho, wato fansho. Ta nuna ni ta ce, "Ba rago ba. Kai ne, idan ka tsufa."

Har lokacin yatsuna na kan kaina.

Dariyar da aka yi, har Madam Lin sai da ta share hawaye. Ni na ɗauka korata za a yi. Maimakon haka ta sa akantar ta sake bayani dalla-dalla, ni kuma ina cewa "maimaita" ba kunya, tunda ta riga ta ƙare.

Malam Isuhu ne ya raba gardama. Ya ce, "Tsari na biyu ya fi tsoka, amma ku dubi yadda biza ta yi wuya bana. Wa ya san zai kai baɗi a nan, balle shekara goma? Ni na farko nake so, wanda zan iya kaiwa Maraɗi." Duk muka bi shi. A wajen fita ya dafa ni ya ce shekararsa talatin yana ɗaukar kayan mutane, yau ne aka fara yi masa zancen tsufansa.

Washegari na koma aji. Abin da na koya shi ne, "ban gane ba" kalma uku ce, kuma ta fi kukan rago a gaban shugaba arha.