Ranar da Na Yi wa Tankar Jamus Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsabta ta kusa mayar da ni garinmu Miga. Lokacin na gama sakandare, ina zaune a Dutse gidan yayata Rabi. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, yana nema min aikin buga tafireta a ofishinsu. Inna kuwa ta riga ta yanke hukunci: in aikin bai samu ba, in tattaro kayana in dawo, turmi da taɓarya suna jirana.

Shi Injiniya a Jamus ya yi kwas, kuma da wata lalura ya dawo. Babban mutum da gemunsa, sai ya baje kwali cike da 'yan mitsi-mitsin robobi, yana tsinta da hantsaki yana mannawa da gam, wai yana haɗa tankar yaƙin Jamusawa ta zamanin da. Sunanta ma wai Damisa. (Ni dai ban ga damisa ba, dutsen guga na gani mai dogon hanci.) Girmanta bai wuce na kwanon sha ba, amma tun kafin azumi yake fama da ita har aka ci naman layya.

Wata Asabar ya ce shugabansu, Mista Bulus, mutumin Jos, zai zo da yamma ya ga tankar, don shi ma mayen abin ne. Daga nan kuma sai ya gan ni kan maganar aikin. Injiniya da Yaya Rabi suka fita unguwa, aka bar min gyaran falo.

Ina goge-goge na iso kan kabad. Wallahi abar nan kamar daga kududdufi aka tsamo ta. Taɓo a ƙafafu, tsatsa a gefe, baƙin hayaƙi a bakin bindiga. Na ce kai, maza dai! Haka za a nuna wa baƙo? Ni kuwa ban iya jiran a dawo in yi tambaya ba. Na kawo ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori. Taɓon ya ƙi fita, na ce ai ba ka san ni ba, na ɗauko kananzir. Sai kuma ga wani kuros baƙi da fari a jikinta. Shekarar aka fara shari'a, kowa na ji da addininsa, na ce a gidan Musulmi? Na sa farce na kankare. Na ƙarasa da man shafawata, ta ɗau sheƙi kamar goshin amarya.

Bayan la'asar suka shigo da baƙon. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, na rakuɓe bakin ƙofa ina jiran yabo. Injiniya ya nufi kabad yana murmushi. Sai ya tsaya cak.

"Auta, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Yaya. Ba sai ka gode ba."

"Ina taɓon?"

"Ya bi rariya. Ya ba ni wuya kuwa."

Ya dafe kai ya zauna a hannun kujera. "Innalillahi. Fenti ne fa! Ni na ɗiga shi da tsinke, don ta yi kama da wadda ta fito daga filin daga. Tsatsar ma ni na yi ta!"

Mista Bulus ya gyara tabarau ya leƙa. "To ina tambarin gefen?"

"Kuros ɗin? Ai na kanka..." Sai a lokacin na tuna da wa nake magana. Yaya Rabi ta sulale ta shige kicin ta bar ni. (Har yau ban yafe mata ba.) Ni kuwa tuni na fara jin ƙarar turmin Inna a kunnena.

Bawan Allahn nan ya dube ni, ya dubi tankar tana ɗigar mai, sai ya kece da dariya har yana tari. "'Yata, wannan ba namu ba ne, na sojan Jamus ne. Ko fastonmu bai san shi ba." Ya share hawaye ya juya. "Injiniya, turo ta ranar Litinin. Amma ka ja mata kunne, teburina ko ƙura ta rufe shi, kada ta kusance shi."

Aiki dai na samu. Injiniya ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka, ya kuma sayo kwaɗo ya garƙame kabad. Ni ma na yi hankali. Yanzu in na shiga gidan mutane na ga datti, sai na fara tambayar mai gidan ko da gangan ya sa shi.