Yadda Za Ka Zama Gwanin Jar Giya Bayan Hancinka Ya Mutu

Kai da abincinka ke cikin hancinka, hancin kuma ya daina aiki, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka tsufa a bakin aikinka, manya na cire maka hula, ba mai ganewa. An gwada su a kan Anselme Darrigade, shugaban rumbun giyar inabi na gonar Château Larribey a yankin Médoc na Faransa, kuma sun riƙe shi shekara tara. Shaida ɗaya ta isa idan babu ta biyu.

1. Ka kama bakinka

Mura ce ta kama Anselme bayan tsinkar inabi. Da ta tashi tafiya sai ta tafi da hancin. Ya gane ne ranar da miyar albasa ta ƙone ƙurmus yana zaune gefen murhu yana karanta jarida. Shugaban rumbu marar hanci kuwa sallama ce, kuma gidan dutsen da ke bayan rumbun, inda aka haife shi, na mai riƙe da aikin ne. Don haka kada ka gaya wa likita, giyar gidan yake sha. Kada ka gaya wa fadan coci, shi ma haka.

2. Ka auri mai hanci

Wannan ya kamata ka yi shi shekara talatin kafin mataki na farko. Léonie, matar Anselme, ba ta yi nisa a makaranta ba, figar agwagi take yi a kicin ɗin Madam Hortense mai gonar. Amma daga bakin ƙofa takan san wane ƙwai ne ya lalace a cikin kwando.

Matsala ɗaya: a Larribey mace ba ta shiga rumbu. Kakanni sun ce idan mace ta ratsa tsakanin ganguna giya tsami take yi. Madam kanta, da komai nata ne, a bakin ƙofa take tsayawa ta ɗaga murya.

3. Ka kai mata rumbun gida

Ka koyi ɓari. Giyar gangar farko ka ɓarar da ita a hannun riga na dama, ta biyu a na hagu, sai kwala, sai hula, sai gwiwoyi. Wadda ka fi ji da ita ka tsoma mata gashin baki. Da azahar ka koma cin abinci, ka tsaya tsakiyar kicin ka ware hannuwa kamar mutum-mutumin gona, ita kuma ta zagaya ka tana sansanawa.

"Hular ka bar ta ta huta," in ji Léonie. "Gwiwar hagu na son ƙwai. Gashin bakin nan kuwa, tsoho, ko dai giyar ta mutu ko ka saci tafarnuwata."

Ma'aikata za su ce hannunka ya fara rawa. Bar su, mai rawar hannu tausayinsa ake ji. Sai dai ka san damanka da hagunka. Anselme ya taɓa rikita gwiwoyi, ya sa aka kaɗa farin ƙwai, wanda da shi ake tace giya, aka zuba wa layin gangunan da tuni an tace su. Sati guda ƙauyen nan na cin kek ɗin gwaiduwa, har karnuka suka ƙoshi.

4. Idan baƙi suka zo, ka ja lokaci

Da bazara masu saye ke zuwa ɗanɗana sabuwar giya. Ka juya tambulan, ka cusa hanci, ka lumshe ido kamar an tuna maka mahaifiyarka, ka kurɓa, ka tofar a bokiti. Mai jinkirin magana shi ake ɗauka masani.

Wata shekara wani ɗan Ingila mai ƙaramin littafi ya nuna gangar da ba ta taɓa hawa jikin Anselme ba, ya ce ita yake son jin labarinta. Ga Madam a bakin ƙofa ta kasa kunne. Anselme ya cusa hanci ya ji abin da ya saba ji, wato babu. Sai ya lalubo abin da ya tuna.

"Akwatin kakata, bayan an yi ruwa. Da ɗan jiƙaƙƙen kare can ƙasa-ƙasa."

Baƙon ya sake sansanawa, ya ce lalle shi ma ya ji karen, amma wane iri ne? Anselme ya ce na farauta. Baƙon ya rubuta. Ka riƙe wannan: babban mutum ba ya yarda akwai karen da bai ji ba.

5. Ka mutu kafin a gane ka

Shi ne mai wuya, amma Anselme ya yi shi ba tare da shawara da kowa ba. Wata safiyar Oktoba aka same shi zaune tsakanin layukan inabi, burodi a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan. A wajen jana'iza Madam ta ce daga nan har bakin teku ba a taɓa yin hanci irin nasa ba. Léonie ta sunkuyar da kai. Rigar da ya sa a ranar tana nan a rataye, ba a wanke ba.

6. Sauran ka bar wa matarka

Bayan wata guda Madam ta shigo kicin ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ta ce sabon shugaban, wani mai digiri da na'urori daga birnin Bordeaux, zai buƙaci gidan kafin bikin Ista. Hanya biyu ce gaban Léonie: ta faɗi gaskiya mijinta ya zama abin dariya a mashayar ƙauye, ko ta ɗaure kaya. Da safiyar nan kuwa sabon ya wuce ta a tsakar gida, ta ji warin tsami a jikin rigarsa, daidai inda ta gogi bangon rumbu.

"Madam, Anselme ya zo mini a mafarki. Ya ce gangar da ke jikin bango ta fara tsami."

Madam ta dafa hannunta ta ce baƙin ciki ne, Léonie, ki riƙa cin abinci. Amma ta aika a duba. Kwana uku na'urar ta yi kafin ta yarda da mamaci.

Yanzu duk Juma'a ana kawo ƙananan kwalabe a jera gaban hoton Anselme, Léonie ta ce a ja mata ƙofa, ba ya son 'yan kallo. Mai digirin a gari yake haya. Idan ya shigo yakan gaida hoton kafin ya gaishe ta.

Ba ruwana

Idan ka bi wannan aka kore ka, ko giya ta yi tsami, ko matarka ta gaji da wanki ta koma gidansu, ni ban san ka ba, ban kuma aike ka ba. Roƙo ɗaya nake yi: idan ka haɗu da Léonie a kasuwa, kada ka tambaye ta yaya yake a mafarkin, ya rame ko ya yi ƙiba. Shekara biyu ke nan tana kwanciya da wuri, bai zo ba ko sau ɗaya.